Jan da ƙanwa ke ɗiga wa yayanta a goshi ba na aure bane

Toh 'yata naga saƙonki, wai kin ga a fim ɗin Indiya yarinya tana shafa wa yayanta jan abu a goshi shine kike cewa Kawu ba wannan bane alamar aure? A'a kin haɗa abu biyu ne. Na aure sindur ake ce masa, a tsagar gashin kai ake sa shi, ango ne ke fara sa wa amarya ranar biki daga nan ita ke ci gaba da sawa muddin mijin na raye, in ya mutu ta daina. Wanda kika gani tika ce, da wani jan gari mai suna kumkum ake yinta kuma namiji da mace kowa ana ɗiga masa.

Sau biyu a shekara 'yar'uwa ke yiwa ɗan'uwanta haka. Akwai Raksha Bandhan, ranar da farin wata ya cika a watansu na Shravan, yawanci cikin Agusta yake faɗowa. Zata zo da faranti da 'yar fitila a kai tana ci, ta dangwala yatsa cikin jan ta ɗiga masa tsakanin gira da gira, ta manna 'yan ƙwayoyin ɗanyar shinkafa a kai, kuma sai wadda bata karye ba, ta zagaya fitilar a gaban fuskarsa ta ɗaura masa zare a hannun dama sannan ta sa masa alawa a baki, shi kuma ya zura hannu aljihu ya bata kuɗi ko kyauta. Ita tana roƙa masa tsawon rai, shi ya ɗauki alkawarin tsaya mata. Na biyun Bhai Dooj, kwana biyu bayan Diwali, bikinsu na fitilu, wannan kam tikar ce bikin gaba ɗaya. A labarinsu Yama, wanda suke ɗauka abin bautar mutuwa, yaje gidan 'yar'uwarsa Yamuna ta tarbe shi ta sa masa tika ta ciyar dashi, shi yasa suke ganin wanda 'yar'uwarsa ta ɗiga wa ja ranar ya samu kariya. Wannan aƙidarsu ce dai, mu tamu daban. A Nepal ma ja kaɗai bai ishe su ba, launi bakwai suke jerawa a goshin.

Ni abinda na kalla a ciki, a ƙauyukan arewacin Indiya mace ba'a aurar da ita cikin ƙauyensu, wani gari ake kaita cikin dangin miji, toh waɗannan ranakun ne ke tilasta ko ta zo gida ko shi ya wanke ƙafa yaje inda take, kinsan dai zumunci a ƙafa yake. Ba yadda za'ayi a ɗiga wa mutum abu a goshi sai ya zauna a gabanka, duk shekara sai ya ga idonta ya ga ko ta rame.

Shi kumkum na asali kurkum ne ake haɗawa da farar ƙasa irin ta ƙonannen dutse sai ya rikiɗe daga rawaya ya koma ja, ki jiƙa kurkum ki zuba masa ruwan kanwa zaki gani da idonki. Amma na kasuwa mai arha wasu ana samun dalma a ciki, don haka in wata ta kawo muku tsaraba kar ki bar yara su yi wasa dashi balle su kai baki.

Ki gaida mamanki.