Ku Tambayi Makaniki: Injin jirgina yana mutuwa in ya yi zafi

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni mai jirgi ne, ran Laraba ina kai kaya da fasinja kasuwar Bubon, sauran ranaku ina ƙetarar da masu lambu. Injina Yamaha ne mai doki 15, na hannu na saye shi, kuma ya kwana biyu. Da safe ja ɗaya ko biyu ya tashi. Amma in muka yi kamar rabin awa a ruwa sai ya fara tari, ƙarfi ya ragu, ya mutu. Ko hannuna zai kumbura da jan igiya ba ya tashi sai ya huce. Na canja buji, an wanke karbirato sau biyu. Yanzu wani ya ce akwatin CDI ne, mai tara wutar buji, in kawo kuɗi. In saya? Daga mai karatu a Gudel, Yamai.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka saya tukuna. Wanda ya ce CDI ne, injin yana sanyi ya duba shi, alhali ciwon sai da zafi yake fitowa. Ka ce da safe lafiya lau yake tashi, to me ya gani?

Gwajin da nake so ka yi, a ruwa za a yi shi, kusa da gaɓa, babu fasinja, gora da filafili suna cikin jirgi. Ka yi ta zagaye har ya mutu, sannan ka hanzarta kafin ya huce.

Fara da abin da ba ya cin ko dala. Ɗan kusoshin iska na murfin tanki a buɗe yake? Ka matsa robar famfon mai, ta yi tauri ko ta lotse? Kafin ya mutu, ruwan sanyaya yana tsartowa ta baya da ƙarfi? Yashin kogin nan yana cinye robar famfon ruwa, kuma injin da ya yi zafi fiye da kima yakan mutu ko wutarsa ƙalau take. In duk waɗannan daidai ne, sai mu koma kan wuta.

Wannan injin ba ruwansa da batir. Mayen ƙarfen da ke cikin bolan, wato faifan ƙarfen da igiya ke juyawa a saman inji, yana wucewa kan wani bobin (naɗin waya) da ke ƙarƙashinsa, ya haifar da wuta. Akwatin CDI ya tara ta. Wani ƙaramin bobin kuma ya gaya masa lokacin saki, sai ta tafi babban bobin na waje, ya ɗaga ta zuwa dubban volt, ta tsallaka bakin buji. Wayar da aka naɗa cikin bobin siririya ce kamar gashi. In ta tsufa ta tsinke a wuri guda, da sanyi bakunan suna haɗe, wuta na wucewa. Da ƙarfe ya ɗauki zafi ya buɗe, sai su rabu. Ya huce, su koma su haɗu. Labarin da ka ba ni ya fi kama da wannan, ko da yake CDI ma yakan yi haka wani lokaci.

Yadda yara suke gwada wuta a bakin ruwa ba ya gamsar da ni. Su cire buji, su jingina shi jikin inji, su ja, su ga ɗan ƙyalli ja-ja su ce akwai wuta. A fili kowace wuta tana iya tsallake milimita ɗaya. A cikin silinda, inda fistan ya matse iska, aikin ya ninka. Ka samu tsohon buji ka karya ɗan ƙugiyar bakinsa, tazarar ta kai kamar milimita 6 ko 7. Sa masa hula, ka matse jikinsa da ƙarfen inji sosai, nesa da ramin buji da tiyon esansi. Lafiyayyen inji zai ba ka wuta shuɗiya mai ƙara, ƙas-ƙas. Gwada da safe, ka sake gwadawa da ya mutu, kowace wayar buji daban. Kuma kada ka ja igiya wayar buji tana lilo ba ta taɓa komai ba, haka ake kashe bobin da CDI mai lafiya.

In wutar ta ɓace, nemi farar wayar da ta fito daga maɓallin kashewa ka zare ta. Aikin maɓallin nan shi ne ya zubar da wuta a jikin inji, kuma in ruwa da tsatsa sun shige shi yakan yi haka ba wanda ya sa shi. Wuta ta dawo, ka gano ɓarawon. Sai dai ka tuna, da wayar a zare maɓalli ba zai kashe injin ba, sai ka ja shok. Daga nan bi baƙaƙen wayoyin da aka ɗaure jikin inji, kwance kowace, kankare koren tsatsa har ƙarfe ya yi haske. Murɗe hular buji ka cire, in bakin wayar ya yi baƙi yanke santimita ɗaya ka mayar. Da magariba kuma tada injin ba murfi, in wayar buji ta tsage za ka ga wuta tana tsalle zuwa jikin inji.

Sai bayan wannan za a sa na'urar awo a bobin ɗin ƙarƙashin bolan, a auna da sanyi, a auna da zafi. Wanda allura ta nuna ya yanke da zafi, shi ne. Shi kuwa CDI, na'urar awo ta kasuwa ba ta faɗin gaskiyarsa. Ka ari na abokin aikinka mai inji irin naka, ka ɗaura, ka yi tafiyar rabin awar nan. In bai mutu ba, je ka saya da albarkata.

Batun buji: irin naka NGK B7HS-10 ya saba ɗauka, 10 ɗin nan tana nufin tazarar milimita ɗaya. Jabu sun cika kasuwa, saboda haka sabo ba shi ne lafiyayye ba. Baƙin mai kuma a auna shi, rabin lita cikin lita 25 na esansi. Masu zubawa da ido suna cewa mai da yawa gata ne, su ne bujinsu kullum baƙi ƙirin.

Kada ka ɗauki mutane zuwa Bubon sai an gama. Ruwan Disamba da Janairu yana da ƙarfi, injin da ya mutu tsakiyar kogi da lodi ba abin wasa ba ne.

Tambaya: Baba, farfelata ta daki dutse lokacin da ruwa ya janye. Tun ranar injin yana fizge igiya daga hannuna, yana harbi ta baya. Akwai wuta, akwai mai. Daga wani basarke a Saga.

Amsa: Ɗana, ina zargin kilabet, ɗan ƙarfen nan mai siffar rabin wata da ke riƙe bolan a mazauninsa. Dukan ya yanke shi ko ya lanƙwasa shi, bolan ya goce kaɗan, wuta tana zuwa ba a kan lokaci ba. Daina ja kafin ya karya maka yatsa. A cire bolan da abin zarewa na musamman, ban da guduma, don duka yana lalata mayen ƙarfe da kan sandar inji. A sa sabon kilabet na ainihi, kada a feƙe ƙusa a cusa, a goge mazaunin ya bushe ba maiƙo, a ɗaure noti daidai ƙarfin da littafin injin ya ce. Tunda an buɗe, a duba sandar farfela ko ta karkace.