Amsa ga Yaya kan kwanan da muke yi a bakin teku

Yaya, bayan gaisuwa da fatan an kammala kakar gero lafiya. Na ji saƙonka na murya kan hoton da na tura, inda kake tambaya me zai sa mutum mai ɗaki da wuta da ruwan famfo ya kwashi iyali ya tafi daji ya kwana a kan yashi. Na ji kuma Inna ta ce ko gidan haya aka kore mu. Ka kwantar mata da hankali, lafiya lau muke.

Wurin sunansa Khor Al Adaid, kimanin kilomita 80 kudu da Doha, babban birnin ƙasar Qatar, dab da iyakar Saudiyya. Teku ce ta kutso cikin hamada ta kwanta tsakanin tuddan yashi, in ka tsaya a baki kana hango ƙasar Saudiyya a tsallake. Babu kwalta zuwa can. Titi yana ƙarewa a wani wuri da ake kira Sealine, bayan garin Mesaieed, daga nan sai yashi.

Ana sakkowa daga Juma'a muke haɗuwa, mota huɗu ko biyar, Land Cruiser ko Patrol, don ƙaramar mota ba ta shiga. A ƙarshen kwalta kowa zai durƙusa ya sace iskar tayoyinsa, daga 35 zuwa kamar 15, don taya ta baje ta hau kan yashi maimakon ta haƙa rami. Kai da ka sha ganin motocin kasuwar Maigatari suna kafewa a burji ranar Alhamis ka san wannan wahalar. Amma tuddan nan sun fi jigayin wajenmu nesa ba kusa ba. Wani sai ka hau ƙololuwarsa kafin ka ga ɗaya gefen a tsaye yake kamar katanga. A irin wannan gangara ba a juya sitiyari, ba a danne birki, a miƙe ake sauka a hankali. Wanda ya karkace, motar ce za ta kife da shi.

Abin da ya fi yashi haɗari shi ne filin gishiri da Larabawa ke kira sabka. Ka tuna fadamar Haɗeja in ruwa ya janye, sama ta bushe ta tsattsage, ƙasa kuwa laka? Haka yake. Shekara uku da suka wuce na bar sawun motocin gaba don in yanke hanya, sai na ji motar ta zauna har ƙirji. Magariba ta kawo jiki, ruwan teku yana dawowa, ina kallon kumfarsa tana matsowa, yara uku a baya sun yi tsit. Kafin in fito, sauran motocin sun juyo. Wani dattijonmu ɗan Gumel ya tattare babbar riga, ya shiga laka da shebur yana tura katako ƙarƙashin taya. Wasu samarin ƙasar da ba mu san su ba suka tsaya suka ƙara igiyarsu a kan tamu. Da aka fizgo motar, ko shayi ba su tsaya sha ba. Shi ya sa dokarmu ɗaya ce ba a karyawa: mota ɗaya ba ta shiga ita kaɗai, kuma na gaba ba ya wucewa sai ya ga fitilar na baya.

Yanzu ga ainihin amsar tambayarka. Yaya, a nan ba mu da zaure, ba mu da ƙofar gida, ba mu da gindin darbejiyar da ake shimfiɗa tabarma bayan la'asar. Maƙwabcinka na bene sai ku shekara ba ku wuce sallama ba. Daga Mayu zuwa Satumba zafi kan haura 45, kowa yana kulle a ɗaki. To in sanyi ya shigo, daga Nuwamba zuwa Maris, can ne muke samun abin da kuke samu kullum kyauta. Mata suna da tantinsu daban, suna dama fura da geron da aka kawo daga gida, maza suna gasa kifi ana barbaɗa yajin ƙuli. Ruwan teku mai tsarki ne, da shi muke alwala, a ja sahu a kan yashi. A bakin wutar nan ake tattara gudunmawar wanda aikinsa ya tsaya, a nan ake sasanta ma'aurata, a nan ɗana ƙarami ya fara jin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi daga bakin wata gwaggo 'yar Kazaure. Hausarsa ta fi miƙewa a dare ɗaya can fiye da wata guda a gida.

Batun tsaro da ka tambaya, babu mai tare hanya. Tsoronmu ruwa ne kawai, don haka sama da inda teku ta bar shara muke kafa tanti. Wurin kuma gandun hukuma ne, duk leda da gwangwani muna kwashewa mu fito da su.

In Alhaji zai taho Umara ta nan, ka ba shi gero tiya biyu da daddawa. Namu zai ƙare kafin fitar Janairu.