Bin salsalar dangi a Ingila kafin 1500

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za a iya bin salsalar dangin matarka 'yar Ingila har kafin 1500. Da wuya, amma akwai hanya. Fara daga kusa: rajistar haihuwa ta gwamnati ta soma a 1837, littattafan coci kuwa tun 1538, bisa umarnin Thomas Cromwell, babban ministan Sarki Henry na Takwas. Kafin nan sai wasiyyoyi, da takardun kotunan manyan masu filaye, da jerin masu biyan harajin kai na 1377 zuwa 1381 da ke ajiye a ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kew a London, yawanci da Latin. Don Allah kada kamannin suna ya ruɗe ka, domin sai wajajen ƙarni na 13 da 14 talakawa suka fara gadon sunan iyali.