Na'urar da na ƙirƙiro a jami'a: tawa ce ko ta jami'a?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin jami'a ne, na ƙirƙiro wata na'urar tace ruwa a ɗakin gwaje-gwajenmu. Yanzu hukumar jami'a ta ce haƙƙin ƙirƙirar nata ne. Abokai sun ce in yi maza in buga aikin a mujalla, duniya ta shaida nawa ne. Wallahi hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ɗauko takardar ɗaukarka aiki da ta tallafin binciken, ka karanta su a tsanake. A ƙasashe da yawa jami'a ce ke riƙe haƙƙin, ta ba mai ƙirƙira kasonsa daga kuɗin lasisi, wato kuɗin da kamfanoni ke biya don izinin amfani da ƙirƙirar. Haka ake yi a Amurka ga binciken da gwamnati ta ɗauki nauyinsa, tun dokar Bayh-Dole ta 1980. Kafin ita, gwamnati na riƙe da haƙƙoƙi kusan 28,000, amma ko kashi 5 cikin ɗari ba a ba kamfanoni lasisinsu ba. A Suwidin malami ke riƙe da nasa, Jamus kuwa ta soke wannan tsari a 2002.

Amma shawarar abokan nan ce ta fi ba ni haushi, don kullum da ita nake fama. Bugawa a mujalla ba ta mallaka wa kowa komai. Sharaɗin farko na samun haƙƙin ƙirƙira shi ne abin ya zama sabo, bai taɓa fita bainar jama'a ba kafin ranar shigar da takardar neman haƙƙin. Ranar da ka buga, kai da kanka ka kashe sabuntarsa. Ba mujalla kaɗai ba: jawabi a taron masana, kundin ɗalibinka da aka ajiye a laburare, har bidiyon da ka ɗora a YouTube kana nuna yadda take aiki. Amurka tana ɗaga ƙafa na shekara ɗaya bayan ka bayyana abin, ofishin rajistar haƙƙin ƙirƙira na Turai kuwa ba ya yin wannan sassauci. Da zarar sabuntar ta mutu, kai ka rasa, jami'a ta rasa, kowane kamfani ya kwaikwaya kyauta. Wa kuma zai zuba jari a kan abin da ba shi da kariya? Masu ba ka shawarar nan, ranar da abin ya lalace ba za ka ga ƙeyarsu ba.

Na san ofishin jami'a kan bar fayil ya yi watanni a kan tebur, kai kuma kana son buga aikin don samun ƙarin girma. Duk da haka rubuta musu sanarwar ƙirƙira, ka karɓi shaidar sun karɓa, ka nemi a rubuta kasonka da sunanka a matsayin mai ƙirƙira. Sai an shigar da takarda sannan ka buga.