Tambayoyin Masu Karatu: Lakers da neman dogon ɗan wasa

Tambaya: Malam, tun da aka kammala kakar 2024 zuwa 2025 ta NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, babu labarin da nake ji game da Los Angeles Lakers sai na neman dogon ɗan wasa. Ƙungiyar da ke da LeBron James da Luka Dončić, me take nema kuma? Ni a ganina kwaɗayi ne kawai irin na manyan ƙungiyoyi.

Amsa: Ɗan'uwa, da kwaɗayi ne da da sauƙi. A ƙwallon kwando mutum biyar kowane ɓangare ke sakawa a fili, biyu suna jan ƙwallo daga baya, uku kuma suna aiki kusa da kwando, kuma mafi tsawo a cikin ukun nan, wanda ake kira senta, shi ne mai gadin bakin kwandon. Shi ke kaɗe ƙwallon abokin hamayya kafin ta shiga, shi ke cafe wadda ta bugi ƙarfe ta dawo, shi ne kuma ke shan gwiwar hannu a ƙirji duk dare. Wannan gurbin ne Lakers suka buɗe da hannunsu a farkon Fabrairun 2025, lokacin da suka miƙa Anthony Davis ga Dallas Mavericks suka karɓi Dončić. Babu mai hankalin da zai ce sun yi asara a cinikin, domin Dončić bai cika shekara 26 ba a lokacin, amma Davis ne kaɗai dogon da suke dogara da shi wajen tsaro.

Shugabannin ƙungiyar sun san da ramin, shi ya sa cikin 'yan kwanaki babban manajanta, Rob Pelinka, ya ƙulla ciniki da Charlotte Hornets a kan dogon ɗan wasanta Mark Williams. Sai dai bayan likitocin Lakers sun duba lafiyarsa aka warware cinikin, a lokacin kuwa an riga an rufe kasuwar musaya, saboda haka suka ƙarasa kakar da Jaxson Hayes, wanda asalinsa ɗan benci ne.

Abin da ya biyo baya shi ne amsar tambayarka. Lakers sun ci wasa 50 cikin 82, suka zo na uku a shiyyar Yamma, amma a zagayen farko na wasannin fitar da gwani Minnesota Timberwolves ta kore su da ci 4 da 1. A wasa na biyar koci JJ Redick ya ajiye Hayes gaba ɗaya, ya fito da gajeru, sai Rudy Gobert, Bafaranshen nan mai tsawon mita 2.16, ya ci maki 27 ya kuma cafe ƙwallo 24 da suka dawo daga kwando. Duk wanda ya kalli wasan zai tuna yadda 'yan Minnesota suka yi ta jefa ƙwallo daga nesa tana kuskurewa, Gobert yana miƙa hannu ta saman kawunan 'yan Lakers yana ɗaukewa yana dannawa a kwando, su kuwa suna tsalle a banza. Ƙungiyar da hannunta ya ƙi a daren, ita ce ta yi nasara, saboda duk ƙwallon da ta ɓarar tana sake samunta.

Akwai kuma dalili na biyu da ya shafi Dončić kansa. Salon wasansa yana buƙatar dogon da zai zo ya tokare mai tsaronsa da jiki, sannan ya ruga zuwa kwando, shi kuma ya cilla masa ƙwallo sama ya danna. Da irin wannan, tare da Daniel Gafford da Dereck Lively, ya kai Dallas wasan ƙarshe a 2024. Idan babu wanda masu tsaro ke tsoro a bakin kwando, sai su taru a kansa mutum biyu, rabin gwanintarsa ta tafi.

Tambaya: Idan haka ne, me ya hana su zuba kuɗi su sayo wanda suke so, kamar yadda manyan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na Turai ke yi?

Amsa: 'Yar'uwa, tsarin NBA daban yake, domin a can ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi daga wata ƙungiya. Hanya uku ce: ko a zaɓe shi a zaɓen sababbin 'yan wasa da ake yi a watan Yuni, ko a yi musayarsa da wasu 'yan wasa da haƙƙin zaɓe na shekaru masu zuwa, ko a jira kwantiraginsa ya ƙare a ɗauke shi idan an buɗe kasuwa a ranar 30 ga Yuni. A kan dukkan wannan akwai iyakar albashi, wadda a kakar 2025 zuwa 2026 ta kama dala miliyan 154.6 ga kowace ƙungiya. Wadda albashinta ya haura kusan dala miliyan 188 za ta biya haraji, kuma yarjejeniyar 2023 tsakanin hukumar gasar da ƙungiyar 'yan wasa ta tanadi wasu matakai biyu a sama, waɗanda duk wanda ya tsallaka su ake ɗaure masa hannu wajen musaya da ɗaukar sababbi.

To dubi Lakers a kowace hanya. LeBron shi kaɗai ya amince da dala miliyan 52.6 na kakar, ga albashin Dončić a kai, saboda haka sun daɗe da wuce iyaka. Zaɓensu na zagayen farko na 2025 kuwa ba ya hannunsu, domin yana cikin abin da suka biya New Orleans tun 2019 lokacin da suka karɓo Davis, wato mutumin ya tafi amma bashinsa bai gama fita ba. A musaya ma akwai dokar da ta hana ƙungiya rabuwa da zaɓenta na zagayen farko shekara biyu a jere, wadda ta rage musu abin tallatawa. Abin da ya saura shi ne ɗan rangwamen da doka ta ba ƙungiyoyin da suka wuce iyaka, na kusan dala miliyan 14, shi ma bai samu ba sai da ɗan wasansu Dorian Finney-Smith ya koma Houston.

Farashin dogo mai inganci kuwa ya fi haka nesa. A 2024 Oklahoma City Thunder, bayan Dallas ta fitar da ita, ta ba Isaiah Hartenstein dala miliyan 87 na shekara uku, mutumin da ba tauraro ba ne, aikinsa tokare mutane da cafe ƙwallo da miƙa ta ga na kusa. Wasu sun ce kuɗin ya yi yawa, sai ga shi a Yunin 2025 sun ɗaga kofi. A Yulin 2025 ɗin ma Milwaukee sai da ta sallami tauraronta Damian Lillard kafin ta samu wurin ba dogon ɗan wasa Myles Turner dala miliyan 107 na shekara huɗu. Dogaye suna da yawa a gasar, amma wanda ya haɗa tsawo da saurin ƙafa da lafiyar gwiwa bai cika hannu ba, kuma ƙungiyar da ke da shi ba ta sakinsa da arha.

Tambaya: Na ji sun ɗauki Deandre Ayton. Shi ke nan matsalar ta ƙare?

Amsa: Ban ce ba. Ayton ɗan Bahamas ne, shi aka zaɓa na farko a 2018, shekarar da aka zaɓi Dončić na uku, kuma ya buga wasan ƙarshe da Phoenix Suns a 2021. Lakers sun same shi a kan kusan dala miliyan 8 a shekara ne kawai saboda ƙungiyarsa ta lokacin, Portland, ta sasanta da shi ta sake shi kafin kwantiraginsa ya ƙare, kuma ƙungiya ba ta yin haka ga wanda take jin daɗin aikinsa. Hannunsa yana da kyau a kusa da kwando da tsaka-tsaki, yana kuma cafe ƙwallo goma a wasa ba tare da wahala ba, amma wasa 40 kaɗai ya buga a kakarsa ta ƙarshe a Portland, kuma ƙorafin da ya daɗe yana bin sa shi ne kuzarinsa yana hawa yana sauka, sannan bai kai Davis ko Gobert kaɗe ƙwallo ba. A wannan farashi, ni ma da zan ɗauke shi. Sai dai a shiyyar Yamma a kakar 2025 zuwa 2026 akwai Nikola Jokić a Denver, da Gobert a Minnesota, da Alperen Şengün da Steven Adams a Houston, da Hartenstein da Chet Holmgren a Oklahoma, kuma duk mai son kofi sai ya ratsa ta kan biyu ko uku daga cikinsu. Dogo ɗaya da Hayes a bayansa ba su ishi wannan tafiya ba, don haka ina sa ran Pelinka zai ci gaba da buga waya har ranar da za a rufe kasuwar musaya a Fabrairun 2026.