Tambaya da Amsa: Kwamfutata ta ƙi tashi bayan na sa sabon Windows

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon buga takardu a Zinder, kusa da Kasuwar Dole. Ranar Laraba na ce bari in ɗaga kwamfutar aiki daga Windows 10 zuwa Windows 11. Tana tsakiyar yi wuta ta ɗauke. Tun daga nan, in na kunna sai tambari ya fito, ɗigogin nan su yi ta zagaye, allo ya koma shuɗi, ta mutu ta sake tashi. Mai gyara ya ce sai dai formataj. Malam, kundin kammala karatu na ɗalibai huɗu yana ciki, babu wanda yake da kwafi. Yaya zan yi? Daga wani mai karatu a Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Don Allah kada ka yarda a yi formataj ɗin nan tukuna. Windows ne ya rikice, amma galibi takardun suna nan kwance a kan diski, ba abin da ya taɓa su. Formataj ne zai share su. Wahalar shekara ce ta yaran mutane, kuma amana ce a hannunka.

Saboda haka fara da ceton takardun. Ka sa mai gyaran ya kwance diskin ya haɗa da wata kwamfuta, a kwashe komai kana tsaye kana gani. In ba ka son a buɗe ta, a tashe ta da kile (filashin USB) mai ɗauke da Ubuntu, wani tsarin tafiyar da kwamfuta ne kamar Windows, a zaɓi gwadawa kawai, kada a girka, sai a kwafe. In ta nemi lambar BitLocker, wato makullin da Windows ke rufe diski da shi, lambobi 48 ne, ka duba asusunka na Microsoft daga waya.

Bayan nan sai gyara. Cire firinta da duk wani kile, ka bar kilabiye da linzami kaɗai. Kunna ta, da zarar tambari ya fito ka danne makunni har ta mutu. Yi haka sau biyu ko uku, za ta buɗe shafin gyara da kanta. Tun da namu na nan Faransanci suke yi, ka shiga Dépannage, sai Options avancées, sai Désinstaller des mises à jour, ka zaɓi cire babban sabuntawa na ƙarshe. Windows yana ajiye tsohon tsarinka a wata jaka mai suna Windows.old, kuma kwana 10 ake da su na komawa baya, don haka kada ka yi sanya.

Akwai wani abu da masu gyara suke yawan tsallakewa. In allon ya rubuta INACCESSIBLE BOOT DEVICE, ka leƙa BIOS, wato shafin saitin injin da ake shiga kafin Windows ya tashi: da ka kunna, danna F10 a HP, F2 a Dell. Duba kwanan wata. Kwanaki aka kawo mini wata tsohuwar kwamfutar tebur, ƙurar hunturu ta yi wa fankarta bargo, agogonta ya koma shekarun baya. Ashe ɗan batirin nan ne mai kama da kwabo, CR2032, ya mutu, saitin diski ya sauya daga yadda aka girka Windows. Muka canza batiri, muka mayar da saitin diskin kan zaɓin da ake kira AHCI yadda yake da can, ta tashi.

Niyyarka daidai ce, domin Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025. Amma kafin ka sake gwadawa, tabbatar injin yana da TPM 2.0, wato ɓangaren tsaro da Windows 11 ke buƙata, ka sami ondila, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, ko da ta aro ce, kuma kowane ɗalibi ya karɓi kwafinsa a kilensa. In ta ci gaba da gardama, ɗauki hoton rubutun da ke kan shuɗin allon ka turo mini mu duba tare.