Hukuncin ɗora farashi da fasa fakiti a gem ɗin shagon kati

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Akwai wani gem da nake bugawa a kwamfuta, TCG Card Shop Simulator, kai ne mai shago kana saro kwalayen kati ka jera a kanta ka sa farashi. To ni kashi 20 nake ɗorawa kan farashin kasuwa kuma suna saye, sannan ina fasa fakiti da yawa ko zan dace da kati mai tsada in sayar, wani lokacin har ƙarfe 2 na dare ina fasawa. Abokina yace caca nake kuma ribar ma haramun ce. Yanzu ma har na fara sha'awar sayen fakitin gaske in gwada sa'ata. Meye hukunci Malam?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan uwa hukuncin duk yana rataye ne a kan abu ɗaya, wane irin kuɗi ne ke yawo a shagon naka. Gem ɗin nan da kamfanin OPNeon Games suka saki a Steam (shafin sayar da gem a intanet) a 2024 sau ɗaya ake sayensa, kuɗin da ke ciki lambobi ne a kan allo, ba ka zuba musu daga aljihunka ba kuma ba za ka iya turawa banki ba, katunan Tetramon ɗin da kake sayarwa a ciki ma ƙirƙirarsu akayi. Tunda haka ne babu ciniki a shari'ance balle a zo maganar ribarsa.

Batun kashi 20 kam babu komai. Ko a kasuwar gaske shari'a bata yanke wa riba iyaka ba matuƙar babu algus da yaudara, hadisin Urwatul Bariƙi da ya juya dinari ɗaya ya dawo da akuya da dinari yana cikin Bukhari. In ka zarce ma kwastomomin gem ɗin da kansu zasu yi ƙorafin tsada su fice.

Maganar caca ce ke buƙatar tsayawa, don ba abokinka kaɗai ke faɗinta ba, akwai masu ilimi da nake ganin girmansu da ke cewa duk wasan da sa'a ta shigo cikinsa ya zama maisir, wato caca, suna kafa hujja da hanin da yazo a kan nardi (wani wasan jefa ƙwaya) a Sahihu Muslim. Ni ban gamsu da wannan ƙiyasin ba. Caca a wurin malaman fiƙihu ita ce mutum ya sa dukiyarsa yana tsakanin ya ci ko a cinye shi, abinda ɗaya ya rasa shi ke shiga hannun ɗayan. To a nan dukiyar wa aka sa, kuma wa ya cinye wa? Kai kaɗai ne da na'ura, in fakiti ya fito ba komai ko sisi baka rasa ba, in ya fito da kati mai sheƙi babu wanda ka talauta, gaba da ƙiyayyar da ayar Ma'ida ta ambata babu inda zasu ɓullo. Shi nardi nassi ne yazo da sunansa, kuma wasa ne da aka gina shi kacokan kan jefa ƙwaya tsakanin mutum biyu, gem ɗin nan kuwa ƙashin bayansa saro kaya ne, lissafin haya da kuɗin wuta, ɗaukar ma'aikata, karɓar kuɗin teburin wasa. Da zamu haramta komai don sa'a ta leƙa cikinsa da ƙuri'a ma ta haramta, alhali Annabi (SAW) yana yin ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Haramtawa magana ce a madadin Allah, ba a yinta da kamanni kawai.

Sai dai ni layuka biyu na ƙarshen tambayarka sun fi damuna da ita kanta tambayar. Kace har ƙarfe 2 kana fasawa, baka ce kana jera kanta ko lissafi ba, fasawar ce ta riƙe ka, wannan bugun zuciyar kafin katin ƙarshe ya bayyana shi ne dai ke riƙe ɗan caca a wurin zamansa. Gashi har ya fara janka zuwa fakitin gaske. Nan hukunci ya juya. Ka biya kuɗin gaske kan rufaffen abu ba don komai ba sai fatan abinda ke ciki ya ninka kuɗinka, wannan garari ne (sayen abinda ba ka san me ke cikinsa ba) da caca ƙarara, haka akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi a wasu gem ɗin, waɗanda hukumar kula da caca ta Beljiyam ma tun 2018 ta ɗauke su a matsayin caca. Kar ka saya, ko ɗaya na gwaji.

Shawarata ka nemi ribarka ta hanyar sayar da fakitin a rufe da gyara farashi kullum, ka rage fasawa sosai, ka kashe kiɗan, ka yanke wa kanka lokacin tashi kafin ka kunna. Ranar da asuba ta kuɓuce maka saboda shi, to a haƙƙinka kai ya haramta har sai ka iya riƙe kanka, in ka gwada sati biyu abin ya gagara ka goge shi daga kwamfutar. Ka kuma gode wa abokin nan naka, ya yi kuskure a hukunci amma tsoro yake ji maka.

Wallahu a'alam.